A taƙaita masu karɓar imel ko a sayi matacin saƙonni?

Tambaya: Ni ke kula da kwamfutocin ma'aikatarmu, mu kusan 200 ne. Kwanaki bairos ya shiga imel ɗin wani abokin aikinmu, kafin mu ankara ya tura wa kowa takardar bogi. Shugabanmu ya ce a hana aika saƙo ɗaya ga fiye da mutum 20. Ga kuma wani kamfani yana tallata mana manhajar tace saƙonni. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Malam, maganar shugabanku tana da tushe, sai dai ƙofa ɗaya ta rufe. A watan Maris na 1999, bairos ɗin Melissa yakan kwashi sunaye 50 na farko a littafin adireshin manhajar imel ta Outlook, ya zuba su cikin saƙo ɗaya ya aika. Iyakar mutum 20 za ta taka masa birki. Amma ILOVEYOU da ya ɓullo daga Filifin a watan Mayun 2000 bi yake suna bayan suna, kowa da nasa saƙon. Wannan ta gaban dokarku zai wuce ba wanda ya ce masa kanzil, domin kowane saƙo mutum ɗaya ne a kansa.

Saboda haka abin sa wa ido shi ne saƙo nawa akwatin imel ɗaya ke fitarwa a awa guda. Ma'aikaci yana rubutu, yana amsa waya, yana tashi. Bairos ba ya hutawa. Akwatin da ya saba tura saƙo 30 a yini, in ya tura ɗaruruwa kafin ka gama gaisawa da mutanen ofis, a dakatar da shi nan take, tsarin imel ɗin ya sa ƙararrawa a wajenka. Idan tsarin imel na Microsoft mai suna Exchange Online kuke amfani da shi, akwai wannan saitin a ciki. Iyakar masu karɓar saƙo ɗaya kuwa, ana iya sa ta daga 1 zuwa 1,000. Ba sai kun sayi wani abu ba.

Ga inda aka fi yin sakaci: adireshin rukuni, irin wanda ake aika wa "dukkan ma'aikata". Tsarin yana ƙirga shi a matsayin mutum ɗaya, alhali mutum 200 ne a bayansa. Ka kulle shi, ka bar wa mutum biyu ko uku izinin aikawa. Kuma kada ka matse iyakar da yawa. Ranar da sakatariya ta kasa tura sanarwar taro, imel ɗinta na ƙashin kanta za ta buɗe, can inda idonka ba ya kaiwa.

Batun manhajar, kada ka yi gaggawa. Duba matacin da ya zo da tsarinku tukuna, sau da yawa ba a kunna rabinsa ba. In za ku saya, ka nemi gwajin wata guda, ka kuma tambaye su ko tana duba saƙonnin da ke yawo tsakanin ma'aikata, tunda naku bairos ɗin daga cikin gida ya taso.