Filin Masu Sana'a: Mesh Na Ɓallewa Daga Firam, Laifin Gam Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a Zariya, ina buga rubutu a riguna, yawanci na 'yan makaranta da ƙungiyoyin ƙwallo. Na sayi firam na alminiyam kwance a hannun wani da ya bar sana'ar. Na yage tsohon mesh, wato ragar nan mai ƙananan ramuka da tawada ke bi ta sauka a riga, na goge firam ɗin da kananzir har ya yi ƙyalli, na ja sabon mesh na sa gam. Wanki ɗaya na yi, kusurwa ta ɗago. Na canza gam, haka ta sake faruwa. Wane gam ne mai kyau da zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Riƙe kuɗinka, kada ka sayi gam na uku. Kananzir ɗin nan ne ya cuce ka. Mai ne, kuma ko ya bushe a ido yana barin maiƙo a jikin ƙarfe. Gam ɗinka bai taɓa alminiyam ba ma tukuna, a kan maiƙon ya kwanta. Ƙyallin da ya faranta maka rai kuwa, shi ne abu na biyu da ba a so. Gam yana son wuri mai kaushi da zai kama, fuskar alminiyam mai santsi ba ta ba shi komai.

Ga yadda nake yi a shagona idan tsohon firam ya zo. Kafin na ɓata lokaci a kansa, sai na kwantar da shi a kan gilashi na danna kusurwoyinsa ɗaya bayan ɗaya. In yana rawa, ya karkace, kuma babu gam ɗin da zai gyara wannan. Sai na jijjiga shi kusa da kunne. Bututu ne, cikinsa rami, idan walda ta tsage a kusurwa ruwan wanki yana shiga ya zauna. Ka ji motsin ruwa, to kai shi wurin mai waldar alminiyam, domin wannan ruwan zai riƙa tsattsafowa daidai inda ka sa gam, wani lokaci ma ya zubo a kan emolshan ɗinka, wato maganin da ake shafa wa mesh don fitar da zane, ranar da kake sauri.

Idan ya tsallake waɗannan, sai a koma kan fuskar da mesh zai kwanta. Tsohon gam da ya yi tudu-tudu ko yake ɓarewa da farce, duk a kankare shi. Akwai masu barin siririn tsohon gam idan ya kama sosai kuma irin wanda za su sake sawa ne, kuma hakan yana yi. Amma kai ba ka san abin da mai firam ɗin ya shafa ba, don haka ka cire shi ƙaf har ka ga farin ƙarfe. Samfefa mai lamba 60 ko 80 ta isa. In kana da giranda aikin zai yi sauri, sai dai hannu ya zama marar nauyi, domin alminiyam na da taushi, ka danna wuri ɗaya za ka yi masa kwari, mesh kuma ba zai taɓa cikin kwarin ba. Ka ɗaura ƙyalle ko takunkumi a hanci saboda ƙurar. Daga nan ka bi gefuna da kusurwoyi ka kashe kaifinsu. Na sha ganin sabon mesh ya tsage tun yana kan abin ja, mai shi yana zagin wanda ya sayar masa, alhali ɗan tsinin walda ne a kusurwa ya yanka shi.

Yanzu wanki. Asiton, ruwan sinadarin nan mai narkar da maiƙo, shi ake sawa a farin ƙyalle mai tsabta, a goge ta fuska ɗaya, a juya ƙyallen, a sake, har ya daina fitowa da baƙi. Tina ta kasuwa ba ni da tabbas da ita kullum, wata gauraye take da mai. Fetur kuwa ɗan'uwan kananzir ne, bar shi. Asiton yana kama wuta nan take, saboda haka a yi nesa da janareta da mai shan taba, a buɗe taga. In kana so ka gwada aikinka, ɗiga ruwa kaɗan a wurin: idan ya baje ya kwanta, wurin ya fita; idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da sauran maiƙo. Ka bari ya bushe sarai. Daga wannan lokaci kada yatsa ya sake taɓa wurin. Yarana sun san dokar: wanda ya ci ƙosai ko awara ba ya ɗaukar firam ɗin da aka wanke, ko da ya rantse ya goge hannunsa a wando. Kuma a ranar da ka goge a ranar za ka sa gam, kada ka jingine shi kwana uku ƙura ta hau.

Sai maganar gam ɗin da ka tambaya. Wanda aka yi domin wannan aiki shi ne mai haɗi biyu, gam da ruwan da ke sa shi tauri. Ka auna yadda aka rubuta a gwangwani, ban da kintace, kuma ka haɗa kaɗan-kaɗan, domin a zafin Maris da Afrilu yana daskarewa a kofi kafin ka zagaye firam biyu. A sabon gogaggen firam ina fara shafa siriri in bar shi ya bushe, sannan in ja mesh a kai. Kada ka ja lokaci ɗaya. Ka ja, ka dakata mintuna kaɗan zaren ya saki jiki, ka ƙara. Mai abin auna ƙarfin ja, kusan Newton 20 a santimita ya wadatar ga mesh mai lamba 43T da muke buga riguna da shi. Ka tabbatar mesh ya kwanta a jikin firam ko'ina, in ya ɗago a wani gefe ka ɗora masa ɗan nauyi daga ciki. Sannan ka tura gam da buroshi mai tauri ya ratsa ramukan ya sadu da na ƙasa. 43T zare 43 ne a santimita ɗaya, gam yana wucewa cikin sauƙi. 120T kuwa ramukansa ƙanana ne ƙwarai, sai ka dage da buroshi, in ba haka ba gam ya tsaya a sama kana zaton ya kama.

Abu na ƙarshe da nake zargi a labarinka shi ne gaggawa. Gam ya bushe a taɓawa ba yana nufin ya nuna ba. Bayan ka yanke mesh, ba shi kwana guda cur kafin ruwa ko tina su taɓa shi. Na san mai makaranta yana kiran waya, gasar wasanni jibi. Shi ya sa ake ajiye firam biyu ko uku a shirye tun kafin aiki ya zo.

Tambaya: Malam, ina yini. Daga Maraɗi nake, ina buga suna da hoto a jakunkunan rabon biki. Firam ɗina na katako ne. Tun da damina ta shigo tawada take fitowa da kauri a gefe ɗaya, ɗayan gefen kuma da ƙyar, mesh ɗin ma ya saki.

Amsa: Lafiya lau, Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Katakon ne ya sha ruwa ya murɗe. Ki gwada shi a kan gilashi kamar yadda na gaya wa ɗan Zariya, za ki ga ƙafa ɗaya a sama. Wanda ya murɗe ba na wahalar da kaina a kansa. Ki sa kafinta ya yi miki sabo da busasshen katako mai nauyi irin maɗaci, ya haɗa kusurwoyi da tsaga da gam, kada ya tsaya a ƙusa kawai. Ni idan na shiga 'Yan Katako a Na'ibawa nan Kano, wanda ya daɗe a jingine nake nema, ba wanda aka sauke daga mota jiya ba.

Kafin mesh ya hau, a goge shi da samfefa a shafe shi da banish sau biyu, ciki da waje, musamman bakin kusurwa inda katako ya fi shan ruwa. Bayan ya bushe a ɗan karce fuskar da gam zai zauna. Farin gam na kafintoci ba na mesh ba ne, ruwa yana jiƙa shi. In da sitefula kike aiki, a buga ƙusoshin a karkace, kusa da juna, a fara daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, sannan a rufe su da gam ko salatif mai hana ruwa don kada tsatsa ta ci zaren. Kuma a daina barin firam cikin baho ana jiran tawada ta jiƙa, a daina shanya shi a tsakar rana. A wanke, a tsane da ƙyalle, a tsayar a inuwa inda iska ke wucewa.

Tambaya: Oga, sufagulu nake amfani da shi wajen manna mesh, da yana kamawa nan da nan, amma da hunturu sai ya ƙi bushewa. Kuma zan iya wanke tabon tawada da soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita? Daga Katsina.

Amsa: Ƙanena, sufagulu da laimar iska yake daskarewa, iskar hunturu kuwa ba ta da ita. Akwai feshin da ake sayarwa tare da shi don ya kama, ka nema, kuma kada ka zuba da yawa, siriri ya fi saurin kamawa. Ka kiyayi idonka da tururinsa. Soda kuma tana cin alminiyam, tana barin farin gari da ƙananan ramuka a jikinsa. In dole ne, a mesh kaɗai za ka shafa, da safar hannu, ka ɗauraye da ruwa mai yawa kafin ta gangara bakin firam.