Filin Tambayi Nas: Katin inshora da jinyar sankarar mama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Nas. Ni tela ce, ina zaune Mabera cikin garin Sakkwato. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, anka gano tana da sankarar mama bayan ƙaramar Salla. Likita ya rubuta mata ruwan kemo sau shida. An yi biyu, na ukku ya gagara don kuɗi sun ƙare, kuma mun riga mun saida tumakinta da keken ɗinkina guda. A layin asibiti na gamu da wata mata, matar ma'aikacin gwamnatin tarayya, ta ce ita da kati take amsar magani, abin da take biya kaɗan ne. Tun ranar abin ke cina. Da gaske ne masu inshora sun fi samun sauƙin wagga cuta? In munka yi mata rajista yanzu zai yi amfani, ko lokaci ya wuce? Kuma mijinta ya ce inshora caca ce, bai yarda da ita ba. Mi za mu yi?

Daga mai karatu, Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Kafin zancen kati, ga abin gaggawa. Kada ku zauna gida kuna jiran kuɗi su taru ba tare da likitanta ya sani ba. Ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya, na sankarar mama galibi ana sa shi ne duk bayan mako uku, kuma da dalili aka tsara haka. Tazarar tana ba jinin majiyyaci damar farfaɗowa, amma ba ta isa ƙwayoyin cutar su gama murmurewa ba. In mako uku ya zama wata biyu, cutar ce ta samu hutu. Ku koma gobe, ku faɗa wa likita gaskiya cewa kuɗi ne matsala. Babu abin kunya a nan. Wani lokaci akwai maganin da aikinsa ɗaya da wanda aka rubuta amma na wani kamfani mai sauƙin farashi, kuma likita ba zai kawo zancensa ba in yana zaton aljihunku da nauyi.

To, da gaske ne masu inshora sun fi daɗewa? Rai da ajali na Allah ne, amma a ma'aunin sababi, e, da gaske ne, kuma an auna. A 2022 ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ta fitar da binciken da ya duba majiyyata masu yawan gaske, aka ga marasa inshora sun fi zuwa asibiti a makare. Abin da ya fi ba ni mamaki a ciki shi ne, idan aka haɗa nau'o'in dajin gaba ɗaya, marar inshorar da aka gano cutarsa a mataki na 1 bai kai daɗewar mai inshorar kamfani da aka gano tasa a mataki na 2 ba. Wato wanda cutarsa ta fi nisa ya fi tsira.

Za ki ce can Amurka ne. To ga na kusa. A 2020 an wallafa wani bincike da ya bi matan da ke da sankarar mama a ƙasashe biyar na Afirka: Najeriya, Namibiya, Yuganda, Zambiya da Afirka ta Kudu. Bayan shekara uku da gano cutar, cikin kowace mata 100 a asibitocin Najeriya da aka duba, 36 ne ke raye. Cikin baƙaƙen matan Namibiya, inda gwamnati ke ɗauke yawancin nauyin jinyar, 56 ne. Cuta ɗaya, jinsi ɗaya. A ƙasarmu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, kuma ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna sama da mutum dubu 120 ke kamuwa da ciwon daji a Najeriya a shekara, kusan dubu 80 kuma suke rasuwa.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin masu wannan jinya, kuma abin da na gani da idona bai saɓa wa lissafin ba. Mace mai kati in ta ji ɗan ƙullutu a mama, takan je asibiti cikin satin, don ganin likita da hoto ba za su ci mata kuɗin cefane ba. Marar kati takan ce bari a ga bayan kaka. Kafin kaka ta zo an gwada shafe-shafe, an gwada jiƙe-jiƙe, wata maƙwabciya ta ce ai daji ba ya son ƙarfe, kada a yarda a yanka. Wannan magana ta cinye mata da yawa a ƙauyukanmu, kuma na lura ta fi samun karɓuwa a gidan da dama babu kuɗin tiyatar. Sai ƙullutu ya fashe ya fara wari sannan a ɗauko mota daga Gwadabawa ko Isa ko Tambuwal a nufo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A lokacin aikinmu ya koma rage raɗaɗi da wankin gyambo. Kashi na biyu su ne irin yayarki, waɗanda suka zo da wuri, suka fara da kyau, sannan kuɗi suka yanke a tsakiya. Su suka fi tsaya min a rai, domin maganinsu yana nan a kan kantar sayar da magani.

Amma kada in yi miki romon baka. Kati ba ya ɗauke duka nauyin ciwon daji a Najeriya. Tsarin inshorar lafiya na tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2005 da sunan NHIS, ya koma NHIA bayan dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin jerinsu. Irinsa ne a hannun matar da kika gamu da ita. A ɓangaren daji, wani sashe yake ɗauka: wasu gwaje-gwaje, wasu tiyata, wasu magungunan kemo. Sauran, musamman gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, da magunguna masu tsada, da hannun majiyyaci a ciki. Akwai kuma yarjejeniyar da hukumar ta yi da kamfanin magunguna na Roche, inda ake raba kuɗin wasu magungunansa uku, kamfani da hukuma da majiyyaci, shi majiyyacin ke biyan kaso mafi ƙanƙanta. Wannan yana da muhimmanci in gwajin naman Yaya ya nuna irin sankarar da ake kira HER2, wadda allurarta, Herceptin, ake yin ta kusan shekara guda, kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Ki tambayi likita wane iri ce tata.

Lokaci ya wuce? A'a, sai dai kada ki ɗora wa kati begen ruwa na uku. Wanda ba ma'aikaci ba yana iya shiga tsarin tarayya ta shirin GIFSHIP, ya biya na shekara, kuma jiharmu tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA. Amma bayan rajista akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki, sannan sai asibitin da aka zaɓa ya rubuta takardar turawa, a samo lambar amincewa, kafin babban asibiti ya karɓa. Ku yi rajistar duk da haka, domin jinyar sankarar mama doguwa ce. Bayan kemo akwai tiyata, mai yiwuwa gashi, ga gwajin jini da hoto a kai a kai, wasu matan kuma sukan sha ƙwayar tamoxifen shekara biyar ko fiye. Ranar rajista ki sa ma'aikacin ya nuna miki a rubuce abin da tsarin ke ɗauka a ciwon daji da abin da ba ya ɗauka, kuma ki faɗa masa tun farko cewa tana kan jinya. Ke ma ki yi naki, domin wadda 'yar'uwarta ta jini ta yi sankarar mama haɗarinta ya ɗara na sauran mata.

Na ruwa na uku kuwa, ga ƙofofin da za ki ƙwanƙwasa a wannan makon. Ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da take jinya, da takardar likita a hannu. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda ke taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin magani. Sai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa matalauta masu ciwon daji, wanda aka fara a 2021 kan sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, aka soma da asibitoci shida ciki har da na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Likitanta ne zai gaya miki hanyar shigar da sunanta. Ki yi kwafin kowace takarda, ki riƙe na asali a jakarki.

Zancen maigidanta kuma, ni nas ce, fatawa ta malamai ce. Abin da zan iya faɗa shi ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta rarrabe tsakanin inshorar kasuwanci, wadda ta haramta, da ta taimakekeniya, wadda ta halatta, inda jama'a ke zuba kuɗi asusu ɗaya a yi wa wanda lalura ta sama hidima. Malamai kan kafa hujja da hadisin Ash'arawa, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Manzon Allah (SAW) ya yabe su. Kada ki tsaya musu da shi, surukinki ne kuma yana cikin damuwa. Ki sa babban wanku ya raka shi wurin malamin da shi kansa ya yarda da shi, su tafi da takardar bayanin tsarin, malamin ya karanta da idonsa ya ba shi amsa.