Burauzata ta ƙi amincewa da sa hannun manhaja, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom a Kabuga, Kano. Kwamfutata 'yar gwanjo ce, Windows 7 ke kanta. Firefox, burauzar da nake shiga intanet da ita, ta kashe min ƙananan manhajojin da na liƙa mata, har da mai toshe talla, wai ta kasa tantance su. Na sauko da wata burauza daga wani shafi, sai Windows ta ce ba ta san wanda ya yi ta ba. Yaron shagona ya ce mu mayar da kwanan watan kwamfutar baya, ko mu danna mu wuce kawai. Me kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, yaron naka ya hango inda gizo ke saƙar, domin maganar lokaci ce, amma maganin da ya kawo ya fi ciwon illa.

Ka ɗauki sa hannun manhaja kamar takardar shaida. Baƙo ya zo neman haya a unguwa, ba a san shi ba, sai mai unguwa ya buga masa hatimi. Hatimin mai unguwa na da daraja ne don dagaci ya san shi, dagaci kuma hakimi ya san shi, har a dangana da fada. Haka satifiket yake. Kamfani ya sa wa manhajarsa hannu da wani mabuɗi na sirri, wata hukuma ta tsaya masa, ita ma wata ta tsaya mata, har a kai ga tushe. Jerin waɗannan tushen yana ajiye a cikin kwamfutarka ko burauzarka, kuma kowane satifiket na da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Ɗaya ya faɗi a tsakiya, duk na ƙasa da shi sun faɗi.

Tun daga Firefox 48, a 2016, ba ta karɓar ƙaramar manhajar da Mozilla, masu yin Firefox, ba ta sa wa hannu ba. A watan Mayun 2019 wani satifiket na tsakiya ya ƙare, mutane a duniya suka wayi gari manhajojinsu a kashe. Naka dai na fi zaton na 14 ga Maris 2025 ne, ranar da wani tushe ya ƙare a tsofaffin Firefox. Wanda Firefox ɗinsa ba ta kai 128 ba, ko ESR 115.13 (ESR ita ce samfurin Firefox da ake daɗewa ana kula da shi), abin ya shafe shi. Firefox 128 ba ta hawa Windows 7, don haka ESR 115 ce hanyarka, kuma daga shafin Mozilla kaɗai za ka ɗauko ta.

Kafin nan, kalli agogon da ke kusurwar allo. Na sha ganin kwamfutar gwanjo ana ɗauke wuta ta tashi tana nuna 2009. Wani ɗan batiri ne a ciki, mai faɗin kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa, shi ke riƙe lokaci idan an kashe ta. Idan ya mutu, kwamfuta za ta ga kowane satifiket kamar lokacinsa bai zo ba tukuna. Masu gyara a Beirut Road za su canza maka shi kana tsaye. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa mayar da kwanan wata baya ba dabara ba ce: satifiket na shafuka da yawa kwana 90 kacal yake yi, kana komawa baya shafin banki da na JAMB za su rufe maka ƙofa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ita kuwa burauzar da Windows ta ce ba ta san mai ita ba, goge ta. Ba ka da abin tattaunawa da ita. Mozilla da Google ba sa sakin burauza babu sa hannu, saboda haka in tasu ce, mai yiwuwa wani ya sake naɗe fayil ɗin ya cusa nasa, ko ya lalace a hanya. Idan kana son gani da idonka, danna dama a kan fayil, shiga Properties, ka nemi Digital Signatures. Sunan kamfanin ya kamata ya fito a wurin, kuma Windows ta ce sa hannun lafiya yake.

Sai dai kada ka ɗauki sa hannu a matsayin shaidar kirki. Abu biyu kawai yake faɗa: ga wanda ya yi, kuma ba a taɓa fayil ɗin ba tun da ya sa hannu. A 2017 an cusa muguwar manhaja a cikin manhajar share kwamfuta ta CCleaner 5.33, wadda kusan kowane shago a garin nan ya san ta, ta fito da sa hannu na gaske, mutane sama da miliyan 2 suka sauke. Ɓarayin sun shiga ne tun kafin a buga hatimin.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne Windows 7. Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, burauzar Chrome ma ta tsaya a fitowa ta 109 a kanta. Kai kuma lambobin NIN da katin banki na mutane ne ke ratsa kwamfutar nan kullum. Canza batirin yau, sa ESR 115 ta riƙe ka, kuɗin cike fom na kakar JAMB mai zuwa kuma ka ware na kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11.