Yadda za ka ga inda sha256sum ya kai

Tambaya: Ina da fayilolin ajiya kusan 4,000 a kan Linux. In na sa sha256sum (manhajar da ke lissafa wa fayil lambar shaida don a gane ko ya canza) ya tantance su, sai allo ya yi tsit na tsawon awanni. Ta yaya zan san inda aikin ya kai? Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Malam, ka saka manhajar pv, mai nuna inda aiki ya kai. Tunda sha256sum layi ɗaya yake fitarwa kan kowane fayil, ƙirga layukan ya wadatar:

find . -type f -print0 | xargs -0 sha256sum | pv -l -s $(find . -type f | wc -l) > ../jeri.sha256

Alamar -l ce ke sa pv ya ƙirga layi maimakon bayit, -s kuma ta faɗa masa jimillar, sai ya nuna kaso cikin ɗari da kiyasin lokacin da ya rage. Ka lura jeri.sha256, inda ake adana sakamakon, yana waje da foldar da kake tantancewa. In ka ajiye shi a ciki, find zai haɗa har da shi.

Kiyasin nan fa kada ka dogara da shi sosai. Fayil mai gigabayit 80 da mai kilobayit 2 duk layi ɗaya ne a wurinsa, don haka za ka ga ya tsaya cak a kan babba. A lokacin, buɗe wata taga ka rubuta pv -d $(pidof sha256sum), zai nuna maka nawa aka karanta a cikin fayil ɗin.

Wajen sake dubawa da sha256sum -c, kada ka sa --quiet, domin yana ɓoye layukan OK, pv ya rasa abin ƙirgawa.