Takobin Japan daga Yaƙin Burma: Wa Ya Ƙera Shi, Kuma Mece Ce Darajarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Marigayi kakana yana cikin sojojin da aka kai Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya dawo da wani takobi na sojan Japan wanda har yau yana gidanmu. Kubensa na ƙarfe ne mai fenti ruwan ƙasa da zobe ɗaya na ratayewa, an naɗe mariƙin da zare, akwai ƴan furanni a jikin ƙarafan ado, ga kuma tuntu mai launin ruwan ƙasa da shuɗi. Ban ga rubutu ko lamba a ruwan takobin ba. Wani dillali ya taya, ya ce in fara goge tsatsar da samfefa. Ta yaya zan san maƙerinsa da abin da ya kamata a biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kakanka. Kafin komai, kada ka bari samfefa ko dutsen wasa ya taɓa takobin nan, domin gugar minti goma tana iya cinye mafi yawan kuɗinsa.

Labarin gidanku ya dace da tarihi, tunda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda ke cike da ƴan Arewa, sun gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Siffar da ka bayar kuma ta takobin hafsan sojan ƙasa ce, samfurin da aka fito da shi a 1938 wanda ake kira Nau'i na 98. Wanda ya gabace shi, na 1934, zobe biyu gare shi. Furannin nan na wani itacen Japan ne da ake kira sakura, tuntu mai shuɗi kuwa na laftana ne ko kyaftin, don manjo zuwa kanar ja ake haɗa musu da ruwan ƙasa. Da a ce mariƙin zubin alminiyam ne kuma akwai lamba a ruwan takobin, da na ce maka Nau'i na 95 ne na su saje, wanda inji ya buga, ba a neman sunan maƙeri a jikinsa, sai dai a duba ko lambar ruwan ta yi daidai da ta bakin kube.

Sai dai duk wannan sutura ce kawai. Hafsan Japan da kuɗinsa yake sayen takobinsa, saboda haka a cikin kube iri ɗaya ana iya samun ƙarfen masana'anta, ana iya samun aikin babban gwani, ana kuma iya samun takobin gado mai shekara ɗari huɗu da aka yi wa kayan soja. Abin da zai raba gardama yana ɓoye cikin mariƙi, a wutsiyar ƙarfen da Japanawa ke kira nakago. Za ka ga ƴar ƙusar gora da ta ratsa mariƙin. Ka tura ta a hankali daga siririn gefenta har ta fita, ka riƙe takobin tsininsa sama, ka bugi wuyan hannunka da ɗaya hannun, mariƙin zai saki. Idan ya ƙi, kada ka sa guduma.

A gefe ɗaya na wutsiyar maƙeri yake sassaƙa sunansa, wani lokaci har da garinsu, a ɗaya gefen kuma kwanan wata. Idan rubutun ya fara da haruffan 昭和, wato zamanin Sarki Showa, sai ka ƙara 1925 a kan adadin da ya biyo baya: shekara ta 18 ita ce 1943. Sunan da ya fara da 兼, wanda ake karantawa Kane, yawanci na maƙeran garin Seki ne a lardin Gifu, inda aka fi ko'ina yawan ƙera takubban yaƙin.

Ni a ganina ɗan ƙaramin hatimin da ake bugawa a saman sunan ya fi sunan kansa faɗin gaskiya, kuma shi ne masu gado suka fi tsallakewa. Hatimin furen sakura mai harafi a tsakiya, ko harafin 関 na Seki, alama ce cewa ba a bi hanyar gargajiya ba, ma'ana ƙarfen masana'anta ne, kuma galibi a cikin mai, ba ruwa ba, aka tsoma shi da zafinsa don ya yi tauri. Irin wannan ana ce masa showato, kuma ko da an yi wani sashen aikinsa da hannu, kayan tarihin yaƙi ne, ba a lissafa shi cikin aikin fasaha, har ma hukumomin Japan ba su cika yarda su yi masa rajista ba. Hatimin tauraro kuwa albishir ne, domin na maƙeran da rundunar soja ta tantance ne, ta riƙa ba su tamahagane, ƙarfen da ake narkawa daga baƙin yashi da gawayi, su ninka shi su tsoma a ruwa kamar yadda kakanninsu suka yi. Wannan shi ne gendaito. A sahunsa na gaba akwai takubban maƙerar da aka buɗe a harabar wurin ibada na Yasukuni a Tokyo a 1933, wadda ta ƙera kimanin 8,100 zuwa ƙarshen yaƙi, kuma sunayen maƙeranta da 靖, wato Yasu, suke farawa, irin su Yasuhiro da Yasunori. Haka nan ana rububin aikin gwanin maƙeri Gassan Sadakatsu na Osaka, da na maƙerar Minatogawa a Kobe da ta yi wa sojan ruwa aiki. Akwai kuma takubban kamfanin jirgin ƙasa na Kudancin Manchuriya (a arewa maso gabashin China), da aka fi sani da Mantetsu, waɗanda ba na gargajiya ba ne amma kasuwarsu ta fi ta showato nesa ba kusa ba.

Idan ka tarar wutsiyar ta yi baƙi ƙirin, tsatsarta ta kwanta lumui, ga ramukan ƙusa biyu ko uku, to mai yiwuwa ruwan ya girmi yaƙin da ƙarnuka, sai a kai shi gaban masani. Da launin tsatsar nan ake ƙiyasta shekaru, shi ya sa ba a goge wutsiya ko kaɗan. Babban suna ma ba hujja ba ne shi kaɗai, tunda an daɗe ana sassaƙa sunayen gwanaye a kan aikin wasu. Dole a gwada sunan da zanen da ke bin kaifin takobin da kuma ƙwayar ƙarfen. Takardar shaidar da kasuwa ta fi amincewa da ita ita ce ta NBTHK, ƙungiyar adana takubban fasaha da aka kafa a Japan a 1948.

Batun kuɗi, farashi yana bin wannan jeri ne: showato a ƙasa, gendaito mai tauraro a samansa, Yasukuni da manyan gwanaye sukan ninka showato sau da yawa. Lafiyar ruwan tana iya juya lissafin gaba ɗaya, domin tsagar da ta ratsa kaifi tana kashe darajar takobi ko na wane ne, kuma ladan gwanin gogewa na Japan yakan wuce kuɗin showato ɗungurungum. Jabun da ake bugawa a China sun cika intanet, sun sa masu saye ɗari-ɗari, don haka takardar sallamar kakanka daga soja, lambar yabonsa ta Burma, ko hotonsa da kaki za su ƙara wa takobin nauyi ƙwarai. Idan akwai ƙyalle ko ɗan katako mai rubutun Japananci a ɗaure da shi, kada ka kwance, don sau da yawa sunan hafsan da ya miƙa shi ne.

A yanzu ka shafa wa ruwan takobin man keken ɗinki sama-sama da tsumma mai laushi, ban da wutsiya, ka daina taɓa shi da yatsa, ka ajiye shi inda babu danshi. Ka ɗauki hoton wutsiyar gefe biyu a hasken rana, tsinin takobin yana kallon sama don rubutun ya karantu, ka haɗa da hoton hatimin daga kusa, sannan ka duba farashin da aka sayar da aikin wannan maƙeri a gidajen gwanjo kafin ka ba dillali amsa.