Amsa: Ta ina za a kama Sanata a kan makarantu da asibitin yara?

Malam, ka tambaya ko za ku iya yaƙar sanatanmu na Filato ta Arewa da batun makarantu da lafiyar yara. Za ku iya, amma kada ku fito da maganar albashin malamai ko rufin firamare da ya yaye. Wannan aikin hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB) ne da ƙananan hukumomi, yaransa za su kwance muku zani a kasuwa cikin minti biyu.

Inda za ku riƙe shi shi ne ayyukan mazaɓa. Suna nan a rubuce cikin kasafin tarayya, Tracka, shirin sa ido kan ayyukan gwamnati na ƙungiyar BudgIT, ma tana bin sawunsu. Ku nemo aiki ɗaya, ku je wurin da ƙafarku. Ni na taɓa zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwarmu nan Jos, an shafa sabon fenti an kafa allo, amma firijin rigakafi ba ya aiki, uwaye na zaune a benci da katin allura a hannu. Hoton nan ya fi taron gangami goma.

Sannan dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ku tambaye shi a bainar jama'a: sau nawa ya tashi a zauren majalisa ya bi kadin kuɗin nan?