Yadda za a tafi da kowane ɗalibi a ajin intanet

Malama, kin tambayi yadda za ki yi adalci a darasin intanet, alhali wasu ɗalibanki na da kwamfuta, wasu kuwa waya ɗaya suke karɓa-karɓa da 'yan gidansu.

Da farko ki daina ɗora komai a kan darasin kai-tsaye. Bidiyon Zoom yana shan data fiye da murya nesa ba kusa ba, kuma da zarar sabis ya ɗauke, bayanin ya wuce yaro ke nan. Ki naɗi muryarki ta minti 5 zuwa 10, ki haɗa da rubutaccen bayani, wanda zai kuma taimaki mai matsalar ji, ki ajiye a Google Classroom ko WhatsApp, kowa ya sauke sa'ad da waya ta zo hannunsa. Wa'adin aiki ya zama kwana biyu ko uku.

Tilasta kunna kyamara kuwa, ni dai ban goyi bayansa ba. Wani a ɗaki ɗaya yake da ƙannensa, ba ya son 'yan ajinsu su gani.

In kun haɗu kai-tsaye, ki rage magana, su yi tambaya, su warware aiki rukuni-rukuni. Wanda kika ji shiru mako guda, ki tuntuɓe shi shi kaɗai kafin ki taɓa makinsa.